Ko Ka Sani? Ranar Da Injin Jirgin Ruwa Ya Mutu A Tsakiyar Teku

Ko ka sani, ya kai mai karatu, akwai jiragen ruwa a duniya waɗanda ɗaya daga cikinsu yakan ɗauki jama'ar da ta kai ta gari sukutum, da ɗakunan kwanansu da kantunansu da asibitinsu, amma duk da wannan girma, ƙarancin baƙin mai a tanki ko yoyon tiyo guda ɗaya ya isa ya mai da shi kamar gungumen icce, ruwa na kaɗa shi inda ya ga dama?

Mu mutanen Tafoki da kewaye, daga Faskari zuwa Ƙanƙara da Sabuwa, Allah bai haɗa mu maƙwabtaka da teku ba, galibinmu ma ruwan da ya fi yawa da idonmu ya taɓa gani bai wuce na madatsar Mairuwa ba, ko kuwa rafi in ya kawo a tsakiyar damina. Duk da haka sha'anin jirgin ruwa ba baƙo ba ne a tarihinmu, domin kakanninmu da suka taka sayyada zuwa Gabas, bayan sun shafe watanni ko shekaru a hanya, a Sawakin suke shiga jirgi su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuwa, da ya yi niyyar aikin Hajji a shekarar 1921, ta ruwa ya bi daga Ikko zuwa Ingila kafin ya isa ƙasa mai tsarki. Haka kuma samarin ƙasar nan da aka ɗauka soja a Yaƙin Duniya na Biyu, a cikin jirgin ruwa aka kwashe su zuwa Indiya da Bama. Saboda haka bai zama ɓata lokaci ba mu zauna mu fahimci wannan na'ura, musamman irin waɗanda ake ginawa a yau domin yawon shaƙatawa, mu ga abin da ke samun bayin Allah a cikinsu ranar da inji ya ƙi.

Mu fara da abin da muka sani a gida. Wanda duk ya taɓa tsayawa a rumfar mai injin niƙa da hantsi ya san yadda wuri kan yi tsit idan injin ya yi tari sau biyu ya mutu: yara na tsaye da kwanonin surfaffiyar masara a ka, mai inji ya tuɓe riga ya durƙusa yana kwance noti, hayaƙi na bajewa a hankali. Idan gyara ya faskara, sai kowa ya ɗauki kwanonsa, wata ta koma ga turmi da taɓarya, wani ya hau babur ya nufi ƙauye na gaba, shi kuwa mai inji ya aika Funtuwa a sayo masa abin da ya lalace. Wahala ce, amma wahala mai mafita, domin a tudu duk inda ƙofa ta rufe akwai wata a buɗe. To, a tsakiyar teku babu turmi, babu ƙauye na gaba, kuma babu Funtuwa.

Dalilin da ya sa mutuwar inji ta fi tsanani a waɗannan jirage shi ne yadda aka tsara su. Jirgin da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a shekarar 2024, tsawonsa ya kai mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata sama da 2,000. Galibin irinsa, manyan injunan da ke can ƙarƙashi ba su ne ke juya farfela kai tsaye ba. Aikinsu shi ne su juya janareta su samar da wutar lantarki, sa'an nan a raba wannan wuta, kashi mafi tsoka ya tafi ga na'urorin da ke juya farfela, sauran kuma ya shiga kowane lungu na jirgin. Da wutar nan ake tace ruwan gishiri ya zama na sha, da ita famfo ke tura shi zuwa bene na sama, da ita ake dafa abinci a kuma sanyaya ɗakunan ajiyar nama da kayan lambu, da ita iska ke shiga ɗakunan tsakiya waɗanda ba su da taga ko ɗaya. Hatta makewayi bai tsira ba, domin ba gangara ke tafiyar da ƙazanta ba kamar yadda muka saba, wata na'ura ce mai zuƙa ke janye ta da ƙarfin lantarki. Wato jirgin jiki ne mai gaɓoɓi da yawa amma zuciyarsa ɗaya, in ta tsaya kuwa, ido da kunne da ƙafa duk sun tsaya tare da ita.

An ga haƙiƙanin wannan a watan Fabrairu na 2013, lokacin da jirgin Carnival Triumph ya tashi daga Galveston ta jihar Texas a Amurka, ɗauke da fasinja 3,143 da ma'aikata 1,086, da niyyar yawon kwana huɗu zuwa gaɓar Mekziko. Da asubahin Lahadi, 10 ga wata, wani tiyo mai mayar da man inji ya yi yoyo, man ya zuba a kan ƙarfe mai zafi, wuta ta tashi a ɗakin inji. An kashe ta ba tare da ta ci rai ko ɗaya ba, sai dai kafin ta mutu ta riga ta lalata hanyoyin lantarki, jirgi ya tsaya cik, ya bar wa iska da igiyar ruwa linzaminsa. Daga nan ne jarrabawa ta fara. Makewayi ya daina aiki, har aka riƙa raba wa mutane jajayen ledoji domin biyan buƙata. Ƙazanta ta malalo a wasu hanyoyi ta jiƙa shimfiɗun ƙasa. Zafi da wari suka kori jama'a daga ɗakunansu, suka jawo katifu zuwa sararin sama suka kafa rumfuna da zannuwan gado. Abinci kuwa sai an yi sa'o'i a layi kafin a sami burodi da ɗan abin da aka ɗora a kai. Waɗansu jirage suka riƙa kawo gudummawar abinci, sa'an nan ƙananan jiragen ja suka ɗaura masa igiya suka ja shi a hankali, bai isa tashar Mobile ta jihar Alabama ba sai daren 14 ga wata. Ka duba fa, ya kai mai hankali, mutum fiye da dubu huɗu, a cikin jirgin da aka kashe dukiya mai ɗimbin yawa wajen ƙawata shi, sun yini sun kwana har kusan kwana biyar cikin ƙunci, kuma asalin al'amarin bai fi tiyon da yaro zai iya riƙewa a hannu ba.

Wancan jirgi ya ci sa'a teku na kwance. Wanda ya gwada mana abin da kan faru in mutuwar inji ta haɗu da guguwa shi ne Viking Sky, jirgi sabo mai kimanin shekara biyu da fara aiki, a ranar 23 ga Maris 2019, a wani yanki mai duwatsu na gaɓar Norwe da ake kira Hustadvika, da mutum 1,373 a cikinsa. Masu bincike sun gano cewa baƙin man da ke cikin tankunan injunansa yana tsakanin kashi 28 zuwa 40 cikin ɗari, alhali maƙeran injin sun yi wasiyya a riƙa cika shi zuwa kashi 68 ko 70. A ranar da ruwa ke lafiya wannan ragi ba zai nuna kansa ba. Amma da raƙuman ruwa suka fara jijjiga jirgin, sai man ya riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, kamar nono a ƙwaryar da ba ta cika ba a kan mai saurin tafiya, har bakin famfon da ke zuƙarsa ya koma shaƙar iska. Su kuwa injunan an yi su ne da hikimar kashe kansu da zarar mai ya yanke, don kada su buga. Sai suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Iska ta riƙa tura jirgin zuwa ga duwatsu, aka saki ƙugiyoyin tsayar da shi amma ba su riƙe shi ba, da ƙyar aka tayar da inji ɗaya bayan saura ƙiris ya daki tudu. Ruwa ya fasa ya shiga ɗakin cin abinci ya raunata mutane, kwale-kwalen ceto kuma ba su saukuwa saboda haukan teku, sai jirage masu saukar ungulu suka riƙa zuro igiya suna ɗaukar mutane ɗai-ɗai, yini da dare, har suka fitar da fiye da 470, da yawansu dattawa ne. A can ƙarƙashi kuwa injiniyoyi na ta ƙara mai suna lallaɓa injuna har suka tashi, washegari jirgin ya shiga tashar Molde.

A nan ne ya wajaba mu juya ga mutanen da ba a cika ambatonsu ba, wato ma'aikata. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya da Indiya, sun baro iyali sun ɗaura aikin watanni masu yawa ba hutu na mako, suna kwana a ƙananan ɗakuna a can ƙasan jirgi, kamar dai yadda matasanmu ke tafiya Kudu bayan girbi don neman abin rufin asiri. Ranar da wuta ta ɗauke, zafin da ya dami fasinja ya dame su, yunwar da ta kama shi ta kama su, tsoron da ya shige shi ya shige su, amma shi yana da ikon ya zauna ya yi ƙorafi, su kuwa aikinsu ninkuwa yake yi. Su ne masu hawa da sauka a matakala cikin duhu da kaya a kafaɗa domin na'urar hawa bene ta tsaya, su ne masu kwashe ledojin ƙazanta, su ne masu tsare tsoho da mai ciwo da haƙuri da tattausan lafazi. Fasinjojin Carnival Triumph da yawa, duk da fushin da suka sauko da shi, sun yaba wa ma'aikatan nan a bainar jama'a. Fasinja an mayar masa da kuɗinsa har da ƙarin dala 500, ya koma gida ya huta. Ma'aikaci kuwa ya kwana a cikin jirgin yana wanke abin da aka bari.

Darajar wannan riƙon amana ba ta bayyana sosai sai an gwama ta da kishiyarta, kuma tarihin alhazai ya adana mana misali mai ɗaci. A watan Yuli na 1880, wani jirgi mai aiki da tururi, sunansa Jeddah, ya taso daga Singafo da Penang da maniyyata sama da 900. Da ya kusato ƙahon Afirka cikin iska mai ƙarfi, sai tukwanen tururinsa suka girgiza daga mazauninsu, ruwa ya fara shiga, wutar inji ta mutu. Matuƙin jirgin da wasu manyan ma'aikatansa suka sulale cikin kwale-kwale da dare suka bar bayin Allah, har suka isa Adan suka ba da labarin cewa jirgi ya nutse. Ashe alhazan nan ba su zauna sun rungume hannu ba, sun yi ta kwarfar ruwa tare da 'yan ma'aikatan da suka rage, har Allah ya kawo wani jirgi mai suna Antenor ya ja su zuwa Adan, inda asirin matuƙin ya tonu, kotun bincike ta dakatar da takardar aikinsa shekara uku. Inji ne ya fara gazawa a wannan tafiya, amma gazawar da duniya ba ta manta ba ita ce ta mutumin da aka damƙa wa rayuka.

Hukumomi sun ɗauki izina daga irin waɗannan al'amura. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Landan, ta shar'anta cewa manyan jiragen fasinja da aka gina daga 1 ga Yuli 2010 dole ne a tsara su ta yadda, in gobara ko ruwa ya cinye sashe ɗaya, sauran sassan za su iya mayar da jirgi tasha da ƙarfin kansa, da ruwan sha da makewayi da iska gwargwadon larura. Saboda haka ake raba injuna ɗaki biyu da bango mai tsare wuta a tsakani, don kada a tara ƙwai duka a kwando ɗaya. Sai dai Viking Sky an gina shi ne bayan wannan doka, kuma doka ba ta zuba mai a tanki. Wannan aikin mutum ne, wanda zai sunkuya ya duba ma'auni ko da ba mai ganinsa.

Malamanmu sun sha karantar da mu cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, kuma amana ba ta da ƙarama. Ni kam, tun da na san labarin jiragen nan, idona ya canja game da mai injin niƙan unguwarmu. Nakan gan shi da sassafe, kafin yaro na farko ya iso da kwano, ya zaro sandar awon mai, ya goge ta da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga ta sama yana duban inda baƙin man ya tsaya. In ya ga ya yi ƙasa ya ƙara, in lokacin juye ya yi ya juye, sa'an nan ya yi bisimilla ya murɗa hannun inji. Direban da zai kwashi jama'a zuwa kasuwar Sheme, da mai injin ban-ruwa a fadama, da mai kula da janaretan asibiti, duk aiki ɗaya ne ke wuyansu da injiniyan da ke ƙarƙashin teku, bambancin kawai yawan rayukan da ke rataye da hannun kowannensu. Allah ya ba mu ikon kula da ƙaramin abu tun yana ƙarami, ya kuma kai matafiya na tudu da na ruwa gidajensu lafiya, amin.