Kalmar "Ƙarfi" da Dokokin Motsi: Matsala ga Mai Koyarwa da Hausa

Malamin da ya tashi bayyana dokokin motsi guda uku, waɗanda Ishaku Niyuton ya buga da harshen Latin a 1687, kalmar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce "ƙarfi". Ra'ayina shi ne kalmar nan takan ɓad da ɗalibi tun kafin a fara lissafi.

A Hausa, ƙarfi abu ne da ake mallaka. Mukan ce wane yana da ƙarfi, ko ƙarfinsa ya ƙare, kamar dai guzuri ne a jaka. Abin da Niyuton yake nufi kuwa ba ya zama cikin abu guda, sai tsakanin abubuwa biyu: turi ne ko ja.

A dubi ɗan dako da ya ɗora dilolin atamfa bisa amalanke daga Kantin Kwari a Fagge, ya nufi kasuwar Sabon Gari. In ya sake shi a kan miƙaƙƙiyar hanya, amalanken yakan gangara kaɗan, sa'an nan ya tsaya. Ka tambayi ɗalibi dalili, zai ce ƙarfin da aka ba shi ne ya ƙare. Wannan amsa ba ta wauta ba ce, gama ita ce ta Yahaya Nahawi na Iskandariyya a ƙarni na 6 (ɗan'uwanmu ne a sana'a, ga alamar laƙabinsa). Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ƙi ta, ya ce abin da aka jefa ba zai tsaya don kansa ba, sai wani abu ya tare shi. Doka ta farko a nan ta tsaya: abin da ke tafiya zai ci gaba da saurinsa, a miƙe, har wani turi ya same shi daga waje. Watau gugar ƙafafun amalanke da ƙasa, da ta gindin ƙarfen da suke juyawa a kai, ita ta tsai da shi. Ba abin da ya ƙare a cikinsa.

Doka ta biyu ta fi wuya, domin kalmar "nauyi" tana ɗauke da ma'ana biyu da ilmin nan ya raba. Akwai jan da ƙasa take yi wa dila, akwai kuma yawan abin da ke jikin dilar. In an kai ta kan wata, jan zai koma kamar kashi ɗaya cikin shida, amma wuyar tunkuɗa ta daga tsaye ba za ta ragu ba ko kaɗan. Ina ganin a bar "nauyi" ga ma'ana ta farko, ta biyu a ce "yawan jiki", ko da yake na san bai yi daɗi a baki ba. Da haka doka ta fito sarai: amalanke da kayansa kilo 200, in turin da ya rage bayan an cire guga niyuton 100 ne, saurinsa zai riƙa ƙaruwa da rabin mita a daƙiƙa, kowace daƙiƙa. A ninka yawan jikin amalanke da kayansa gaba ɗaya, ƙaruwar ta koma rabi. A lura, turi saurin yake ƙarawa. Ɗalibai da yawa suna zaton shi ne saurin kansa.

A doka ta uku harshenmu ya taimake mu, zama muna da "juna". Ɗan dako da amalanke juna suke turawa, daidai wa daida. Lalle wani ɗalibi zai ce, in haka ne, yaya aka yi amalanke ya motsa? Amsar ita ce turin biyu ba a jiki ɗaya suke sauka ba: ɗaya a amalanke, ɗaya a hannun mutum. Shi kuma mutumin yana tura ƙasa baya da ƙafa, ƙasa tana tura shi gaba. Wanda ya ga 'yan dako suna santsi a taɓon lungunan Sabon Gari cikin watan Agusta ya ga abin da ke faruwa in ƙasa ta kasa mayar da turin, alhali ƙarfin jikinsu yana nan yadda yake.

Don haka nake roƙon malaman kwalejojin horon malamai su riƙa cewa "turi ko ja" a darussan farko, su kuma tilasta wa ɗalibi ya faɗi wa ke turin, kuma wa ake turawa, kafin ya rubuta lamba ko ɗaya.