Manhajar Gwajin Shafukan Intanet na Buƙatar Hannun 'Yan Gida

A yau neman gurbin karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko rajistar JAMB, ko gyaran bayanan NIN, duk sai an bi ta shafin intanet. Idan shafin ya ƙi karɓar sunan mutum, ɗalibin da ya taso daga Gagarawa ya yi asarar kuɗin mota da na shagon kwamfuta. Irin wannan cikas ne ake son kamawa tun kafin a buɗe wa jama'a shafi.

Masu gina shafuka suna da manhajojin da ke yin wannan gwaji da kansu. Fitacciya a cikinsu ita ce Selenium, wadda Jason Huggins ya fara a kamfanin ThoughtWorks da ke Amurka a 2004. Ana rubuta mata umarni, ita kuma ta buɗe shafi, ta cike gurabe, ta danna maɓalli, ta duba ko sakamakon ya fito daidai. Duk lokacin da aka taɓa shafin, ana iya sa ta ta maimaita aikin gaba ɗaya.

Sai dai abin da aka koya mata kaɗai take dubawa. Shi ya sa aka bar ƙofar jona mata ƙananan manhajoji na ƙari. A sashenta mai suna Selenium IDE, wanda aka sake ginawa a 2018, mutum zai iya rubuta nasa ƙarin da JavaScript, ya yi masa rajista, sabon umarninsa ya shiga sahun na asali.

A nan ne ɗan ƙasar Gumel ya fi baƙo. Shi ya san cewa gurbin suna dole ya karɓi Sa'idu da Mu'azu. Wannan ɗan waƙafi na sama yakan rikita shafin da ba a gina da kyau ba, domin a wajen rumbun bayanai alama ce ta rufe zance. Ya san a gwada Ɗanladi da Ɓaidu, a ga ko ɗ da ɓ za su fito lafiya a takardar da aka buga, ko za su koma alamar tambaya. Ya san wani na rubuta Sule Tankarkar a rabe, wani a haɗe, kuma jerin ƙananan hukumomin Jigawa dole ya cika 27.

Maigatari kuwa nata daban ne. Kasuwarta ta ranar Alhamis na tara fatake daga Nijar, masu lambar waya mai lamba 8 bayan +227, alhali tamu 11 ce. Shafin biyan kuɗin da bai san wannan ba ya kori mai saye. Ƙari guda zai iya ƙirƙiro lambobin ƙasashen biyu, ya gwada naira da sefa, har ya rage saurin intanet da gangan don a ga halin mai cike fom a ƙauye.

A ganina, aikin ya fi ƙarfin a bar wa kamfanonin Legas da Abuja. Selenium kyauta ce, kuma shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 yana da fannin gwajin ingancin manhaja. Matasanmu masu karatun kwamfuta su rubuta irin wannan ƙari, su sake shi kowa ya ɗauka. Hukumomin jiha kuma kada su karɓi shafi daga ɗan kwangila sai ya nuna ya tsallake gwajin sunayenmu.