Ƙarfe Mai Nauyi Ko Marar Nauyi: Wanne Ke Gina Tsoka?

Duk inda matasa suka taru suna ɗaga ƙarfe, ko a gidan motsa jiki na zamani, ko a ƙofar gida inda aka cika gwangwanayen fenti da siminti aka haɗa su da bututu, magana ɗaya ake ji: in kana son ƙwanji, ƙara nauyi. Wanda ya ɗauki ƙaramin ƙarfe kuwa kallon mai wasa ake yi masa. Wannan ra'ayi yana da tushe a tarihi, sai dai binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna rabinsa ne kawai gaskiya.

A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, yana jinyar sojojin da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu da raunuka, a wani asibiti a Chikago. Shi kansa ɗan ɗaga ƙarfe ne, saboda haka ya riƙa sa majinyatansa ɗaga nauyi sosai, ya ga ƙarfinsu yana dawowa da wuri. Ya rubuta cewa nauyi mai yawa da ɗagawa kaɗan shi ke kawo ƙarfi, ƙaramin nauyi da ɗagawa da yawa kuma juriya yake kawowa. A 1948 shi da Arthur Watkins suka fitar da tsarin zagaye 3, kowanne ɗagawa 10, wanda har gobe ana bin sa. A 2009 ma Kwalejin Likitancin Wasanni ta Amurka ta shawarci sabon shiga mai son tsoka ya ɗaga kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na mafi nauyin abin da zai iya ɗagawa sau ɗaya tak, sau 8 zuwa 12 a kowane zagaye. Wato mai iya ɗaga kilo 50 sau ɗaya, kada ya yi ƙasa da kilo 35.

Masu bincike a Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin Stuart Phillips, su suka girgiza wannan ƙa'ida. A 2012 suka horar da samari 18 na tsawon mako 10, aka sa ƙafafunsu aiki daban-daban: wata tana ɗaga kashi 80, wata kashi 30 kacal. Sharaɗi ɗaya aka gindaya, kowa ya ci gaba da ɗagawa har sai ƙafar ta gaza. Da aka auna cinyoyin, waɗanda suka yi zagaye 3 sun ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, masu nauyi da marasa nauyi duka. Wasu suka ce ai sababbin shiga ne, kome suka taɓa jikinsu zai amsa. Sai a 2016 aka sake gwajin da maza 49 da suka shekara biyu ko fiye suna ɗaga ƙarfe, na mako 12. Rukuni ɗaya yana ɗaga mai nauyi sau 8 zuwa 12, ɗayan marar nauyi sau 20 zuwa 25, kuma tsokarsu ta ƙaru daidai wa daida. A 2017 Brad Schoenfeld na Kwalejin Lehman a birnin New York da abokan aikinsa suka tattara bincike 21 suka tace, sakamakon bai canja ba.

Dalilin yana cikin yadda jijiyoyi ke sa tsoka aiki, abin da Elwood Henneman ya bayyana tun 1957. Tsoka ba ta tashi gaba ɗaya a lokaci guda. Ƙwaƙwalwa tana fara tura ƙananan zaruruwa masu juriya, sai aiki ya fi ƙarfinsu sannan ta kira manya, waɗanda su suka fi saurin girma. Kamar maigida ne a gona, yara yake fara sawa, in sun gaji ko aikin ya yi tsanani ya kira ƙarti. Ƙarfe mai nauyi yana kiran manyan tun daga ɗagawar farko. Marar nauyi sai ya gajiyar da ƙananan tukuna, a ɗagawa ta 20 ko ta 25 manyan su shigo.

A nan ne masu murna da wannan labari sukan yi kuskure, kuma abin yana damuna, domin ana yaɗa rabin maganar. Ƙarfe marar nauyi ba hanyar sauƙi ba ce. Ka tsaya kusa da wanda ya kai ɗagawa ta 25 da gaske: damtsensa na rawa, tsokar na zogi kamar an zuba mata barkono, numfashinsa na fita sama-sama, ƙarfen na hawa a hankali. Waɗannan ɗagawa huɗu ko biyar na ƙarshe su ne aikin. Yawancin mutane a ta 15 suke ajiyewa da zarar zafin ya fara, alhali da sauran goma a jikinsu, su yi wata shida ba su ga canji ba. Rashin nauyin ma yana da iyaka. Wani bincike da aka yi a Burazil a 2018 ya nuna masu ɗaga kashi 20 ba su samu girman tsoka irin na masu kashi 40, 60 da 80 ba.

Ta fuskar ƙarfi kuwa DeLorme na nan kan gaskiyarsa. A gwajin 2016 masu nauyi sun fi ƙaruwa a ɗaga ƙarfen ƙirji, domin ɗaukar abu mai nauyi gwaninta ce da jijiyoyi ke koyo da maimaici. Ɗan kokawar da zai cira abokin karawarsa daga ƙasa dole ya saba da nauyi. Amma nauyi yana da kuɗin da gaɓoɓi ke biya idan aka wuce gona da iri. Ronnie Coleman, wanda ya lashe gasar gina jiki ta Mr. Olympia sau 8 daga 1998 zuwa 2005, ya yi suna da tsugunawa da fam 800 a kafaɗa, daga baya ya sha tiyata a baya da ƙugu har tafiya ta koma da sanda. Nasa ya kai ƙurewa, amma ya isa jan kunne ga yaron da ke loda siminti don abokai su tafa masa.

Wanda ya fi cin moriyar wannan ilimi shi ne dattijon da gwiwa ke damu, da uwar da ba ta da sai ƙananan ƙarafa a ɗaki, da saurayin da ba shi da kuɗin rajista a gidan motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowane baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, kuma ba ta ce sai da ƙarfe mai nauyi ba. Abinci ma ba a tsallake shi: mai gina jiki yana buƙatar kimanin giram 1.6 na furotin kan kowane kilo na nauyinsa a yini, daga wake, ƙwai, kifi, nono da awara. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuma ya fara ganin likita.

Hukuncina shi ne, mai neman tsoka ya zaɓi nauyin da zai ɗaga daga sau 6 zuwa 30 ba tare da lanƙwasa baya ba, ya tsaya ne kawai idan saura ɗagawa ɗaya ko biyu ya gaza, ya kuma ƙara nauyi ko adadi duk lokacin da aikin ya fara yi masa sauƙi.