Bayan Ɗori Akwai Gashi: Karatun Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

A Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, idan yaro ya yi targaɗe a filin ƙwallo, ko ɗan dambe ya goce a kafaɗa, wajen mai ɗori ake nufa. Sau da yawa ƙashi kan haɗe, amma gaɓar ta sandare, mutum ya ƙare da ɗingishi. Mu ma'aikatan jinya muna ganin irin haka ga wanda harbin bindiga ko haɗarin babur ya kwantar, da dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye saboda hawan jini. Maido da irin waɗannan gaɓɓai aiki ne na ƙwararren da ake kira likitan gashi, ko fisiyo. Masu wannan sana'a sun yi mana ƙaranci ƙwarai, har majinyaci kan yi doguwar tafiya zuwa Gusau, Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano.

Hanyar karatun biyu ce, kuma ɗalibai kan rikita su. Ta farko ita ce digirin fisiyo, wanda Jami'ar Ibadan ta fara a 1966, kuma a Arewa ana yin sa a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri. Yakan ɗauki shekara 5 zuwa 6, gwargwadon tsarin jami'ar. Ɗalibi zai karanci tsarin jikin ɗan Adam da yadda jijiya da tsoka ke aiki, sannan ya shiga asibiti koyon aiki. Bayan kammalawa akwai horon shekara 1 da rajista da hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar 1988. Ba wanda doka ta yarda ya duba majinyaci da sunan fisiyo ba tare da lasisinta ba.

Ta biyu ita ce digirin ilimin motsa jiki da wasanni, mai shekara 4, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Shi ke samar da masu horar da 'yan wasa da kare su daga rauni, amma ba ya ba da izinin jinyar gashi a asibiti.

Iyaye, shirin yana farawa ne tun daga aji 4 na sakandare. Ana buƙatar kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kimistiri da Bayoloji, kuma ban da Lissafi, sauran huɗun ne ake rubutawa a jarrabawar JAMB. Yaron da aka tura ajin adabi ba tare da shawara ba, ƙofar fisiyo ta rufe masa. Inda matsalar tsaro ta katse karatu, gara a nemi malamin da zai cike masa giɓin Fiziks da Kimistiri tun da wuri.

Kada a manta da 'ya'ya mata. Gashi aiki ne na taɓa jiki, kuma mata da yawa kan haƙura da ciwon baya bayan haihuwa don ba su sami mace mai duba su ba.

Idan ɗanku ko 'yarku na sha'awar wasanni da aikin lafiya, ku zauna ku duba darussan da suka zaɓa kafin zangon nan ya ƙare.