Gaskiya ko Jita-jita: Shin Sikanin Kullum Yana Tsare Kwamfuta Daga Bairos?

Da zarar lokacin miƙa furojek ya ƙarato a Jami'ar Ahmadu Bello, filash ba ya hutawa a Samaru. Daga kwamfutar ɗalibi sai ta abokinsa, daga nan sai shagon buga takardu, kafin la'asar ya koma inda ya fito ɗauke da abin da bai fita da shi ba. Sai ka ji ana salati: "Bairos ya cinye mini aiki!" A irin wannan lokaci kowa yakan zama malami, kuma ba duk abin da ake faɗa ne gaskiya ba.

Maganar da ta fi yawo, daga shagunan Samaru har zuwa wajen masu gyara a PZ da ke Sabon Gari, ita ce antibairos na kyauta bai da ƙarfi, sai an sayi na kuɗi. Wannan jita-jita ce. Duk kwamfutar da ke ɗauke da Windows 10, wadda ta fito a 2015, ko Windows 11 ta 2021, da mai gadinta take zuwa, wato Microsoft Defender, kuma cibiyar AV-TEST ta Jamus da ke gwada irin waɗannan manhajoji ta sha ba shi maki mai kyau. Sai dai ba kowace kyauta ce ta fisabilillahi ba. A 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin Avast, mai antibairos na kyauta, biyan dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta. Don haka kafin ka ɗora wani na waje, ka tambayi kanka ko kana ma buƙatarsa.

Sai masu cewa, "Ni kullum sai na yi sikanin, ba abin da zai same ni." Akwai ƙamshin gaskiya a nan, amma nan ne aka fi yin asara. Antibairos yana gane ɓarawo ne galibi da bayanan da kamfaninsa ke turo masa ta intanet, kusan kowace rana. Mu kuwa, saboda tsimin data, abu na farko da muke yi shi ne toshe sabuntawa. Wanda ya yi wata shida bai bar manhajarsa ta karɓi sababbin bayanai ba, tamkar ya ajiye maigadi ne da hotunan ɓarayin bara. Zai zagaya gidan tsaf, ya ce lafiya lau, alhali sabon ɓarawo yana zaune a tsakar gida. Abin da ke ba ni takaici shi ne waɗannan bayanai na yau da kullum ba su da nauyi. Bidiyo ɗaya a TikTok ko YouTube kan iya cin datar da ta fi tasu.

Akwai kuma batun lokaci. Windows ta saba ajiye aikin duba kanta da ƙarfe 2 na dare. A wannan sa'a, laftof ɗin ɗalibi yana rufe cikin jaka, shagon buga takardu an kashe janareta tun bayan isha'i. Kwamfutar da ke kashe ba ta sikanin. Wanda yake so aikin ya riƙa gudana a kai a kai, sai ya zaɓi lokacin da ya san akwai wuta kuma injin yana kunne, ko da sau ɗaya ne a mako. Gajeren sikanin ya wadatar yawancin lokaci. Dogon, mai bin kowane fayil, a bar shi sai an ga alamar matsala. Mafi muhimmanci shi ne gadin nan da ke duba fayil tun lokacin shigowarsa. Shi ne kuma wasu masu gyara kan kashe domin su ɗora Office na sata, su miƙo maka kwamfutar haka nan.

Shi kuwa bairos ɗin filash da ya addabi ɗalibai, wanda ke mayar da fayiloli ƙananan alamomi masu kibiya, yawanci ba ya cinye komai. Ɓoye ainihin fayilolin yake yi, ya ajiye na bogi, kana dannawa ya shiga kwamfutarka. Kada ka danna, kada kuma ka yarda a yi maka fomatin da gaggawa. A fara cire shi, sannan a buɗe ɓoyayyun fayiloli; sau da yawa babi na ɗaya zuwa na biyar suna nan daram.

Antibairos biyu sun fi ɗaya? A'a. Manya biyu a injin ɗaya karo suke yi da juna, su sa shi nauyi. Smadav na Indonesiya, da ya karɓu a shagunanmu, an yi shi ne don ya zama mataimaki, musamman wajen tsaron filash, bai isa ya tsaya shi kaɗai ba.

Wani abu kuma ya fi ƙarfin sikanin. A watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle fayiloli a asibitocin Ingila da ƙasashe da dama yana neman kuɗin fansa, alhali Microsoft ta fitar da abin toshe ƙofar da ya bi tun watan Maris; waɗanda ba su sabunta ba ne suka faɗa. Yau akwai kwamfutoci a shagunanmu da ke kan Windows 7, wadda aka daina tallafa wa tun 14 ga Janairu, 2020. Idan irin wannan bairos ya kulle maka furojek, cire shi ba zai buɗe fayilolin ba. Don haka duk daren da ka ƙara shafi, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka ko Google Drive kafin ka rufe kwamfutar.