Wane Maƙerin Jirgi Ya Fi? Kwatanci a Kan Jiragen Iska

Gabatarwa

Kafin jirgin sama ya yawaita, alhazan ƙasar Hausa kan bi ta Sudan har Sawakin, daga nan su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Da yawansu, musamman talakawa, sun yi wannan ƙetara ne a jirgin katako mai tafiya da iska, wanda Larabawa ke kira sambuk. Ran fasinja kuwa yana hannun wanda ya ƙera jirgin. Wannan takarda za ta kwatanta maƙeran garuruwa uku, domin ɗalibi ya ga yadda Bahaushe ke auna aiki da kalmomin "fi" da "kai".

Ma'auni na farko: katako

A Beypore, kusa da Kalikut a jihar Kerala ta Indiya, ana ƙera babban jirgi mai suna uru. Maƙeran garin sun shahara da icen tik na dazukan Nilambur, ice mai maiƙo wanda ruwan gishiri ba ya saurin ci. Garin Sur na ƙasar Oman ba shi da irin wannan daji, sai dai a sayo katakon daga Indiya. A nan za mu ce: Beypore ta fi Sur kusa da katako, amma katakon Sur ya kai na Beypore kyau, tunda asalinsu ɗaya.

Ma'auni na biyu: haɗi

Hanya biyu ce: ko a buga ƙusa, ko a ɗinke alluna da igiyar ɓawon kwakwa. Ƙusa ta fi riƙo, sai dai tana tsatsa. Ɗinki ya fi lanƙwasa idan jirgi ya bugi dutse, amma yana bukatar sabuntawa. Kada a raina ɗinki: a 1980 an ƙera jirgin Sohar a Sur ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, ya tashi daga Maskat, ya isa Kanton ta ƙasar Sin a 1981. Bayan haɗi, gwani kan cusa auduga mai mai a tsakanin alluna, sannan ya shafe ƙasan jirgi da farar ƙasa da kitse don tsutsar teku.

Ma'auni na uku: dacewa da ruwa

A tsibirin Lamu na Kenya, musamman ƙauyen Matondoni, ana ƙera jahazi da mashuwa. Ba su kai uru girma ba, amma sun fi shi sauƙin juyawa a mashigai marasa zurfi. Wanda zai ɗauki kaya masu nauyi zuwa nesa, gara ya nemi Beypore ko Sur. Masunci kuwa, Lamu ta fi masa.

Kammalawa

Ɗalibi ya lura: a jimlolin da suka gabata, "fi" da "kai" kan zo da sunan abin da ake aunawa, wato kyau, riƙo, girma. Idan aka ce "wane ya fi wane" aka yi shiru, mai sauraro zai tambaya: da me? Haka mai sayen jirgi ya kamata ya yi wa maƙeri. Aiki: ɗalibi ya rubuta jimla biyar yana kwatanta maƙera biyu na garinsu, kowace jimla da ma'auninta.