Satchel Paige: Gwanin Jifa da Wariya Ta Cinye wa Ƙuruciya

Wasan besbol, wanda Amurkawa ke ɗauka tamkar gadonsu, ya ginu ne a kan karon mutum biyu: majefi, wato wanda ke tsayawa bisa ɗan tudu a tsakiyar fili yana wurga ƙwallo daga nisan kimanin mita 18, da kuma mai kulki da ke gabansa yana neman ya make ta. Gwanintar majefi ita ce ya sarrafa gudun ƙwallon da karkatarta, ta yadda mai kulki zai kai duka ya sami iska.

A wannan fanni, kaɗan ne suka kama ƙafar Satchel Paige, wanda aka haifa a garin Mobile na jihar Alabama a 1906, ya kuma goge a jifa a gidan horon yara na Mount Meigs. Da yake a zamaninsa manyan ƙungiyoyi ba sa ɗaukar baƙar fata, sai ya shafe fiye da shekara ashirin yana wasa a gasar baƙaƙen fata, a ƙungiyoyi irin su Pittsburgh Crawfords da Kansas City Monarchs, inda ya yi suna wajen saiti da kuma wata dabara ta ɗan dakatawa a tsakiyar jifa, wadda ke sa mai kulki ya yi gaggawar kai duka tun ƙwallo ba ta iso ba.

Sai bayan da Jackie Robinson ya keta shingen wariya a 1947 ne ƙungiyar Cleveland ta ɗauki Paige a 1948, yana da shekara 42, shekarun da yawancin majefa sun riga sun yi murabus saboda ciwon kafaɗa da gwiwar hannu. Duk da haka ya ci wasa 6 ya faɗi 1, ƙungiyar kuma ta ɗauki kofin ƙasa a shekarar. A 1965, yana da shekara 59, ya yi wa ƙungiyar Kansas City Athletics jifa na zagaye uku ba tare da 'yan Boston sun ci ko maki ɗaya ba.

An shigar da sunansa zauren karrama gwanayen besbol a 1971, ya rasu a 1982. Bajintar da ya nuna da tsufansa ita ce babbar shaidar irin asarar da wariyar launin fata ta jawo, domin shekarun da hannunsa ya fi ƙarfi sun wuce ne a filayen da manyan jaridun ƙasar ba su cika waiwaya ba.